Ƙarar da Ya Kellu Ta Ji a Sama

Hausari, Maiduguri
9 ga Agusta

Zuwa ga ƙanwata Muhsinat Tahir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da karatu da sanyin Afirka ta Kudu. Mu ma lafiya muke, ni da matata Kaltum, in aka cire idon mahaifiyata, Ya Kellu. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa da ke, a Kano, kina ƙarama. Amma mahaifinki da marigayi mahaifina 'ya'yan wa da ƙane ne, shi ne kuma ya ba ni adireshinki na imel. A duk danginmu ke kaɗai ce kike koyon tuƙin jirgin sama. Zan faɗi abin da na gani da abin da na ji. Ba zan haɗa da abin da nake zato ba.

Ranar Talatar da ta wuce muna dawowa daga Abuja, ni da Ya, daga wurin likitan ido. Jirgin mai farfela biyu ne, fiffikensa a saman jikinsa. Ni ne a bakin taga ta hagu, farfela tana ɗan gaba da kujerarmu, Ya tana damana. Bayan an sanar cewa mun fara sauka, sai muka shiga gajimare fari mai kauri. Babu walƙiya, babu tsawa. Na ga wani farin layi ya fito a bakin fiffike, inda baƙar roba take. Na ga robar ta kumbura ta sace, kamar ƙirjin mai numfashi, farin layin kuma ya ɓace. Daga nan ƙarar ta fara. Wani abu mai tauri yana bugun jikin jirgin daga waje, daidai gaban kujerarmu, a jere da sauri. Ya tsaya, ya sake. Jirgin ya ɗan yi rawa.

Kin san ko su wane ne suke shiga jirgin Maiduguri, mutanen da kunnensu ya saba da ƙarar bindiga. Ba wanda ya tambayi wani ko mene ne. Wani mutum a baya ya ce, "Harbi ne!" sai kowa ya sunkuya, har da mai babbar riga da ke gabanmu, wanda hularsa ta gangaro ƙafata. Matuƙi ya yi magana da Turanci, amma salati ya danne muryarsa.

Ya ba ta yi ihu ba. Ta kama wuyan rigata, ta danne kaina zuwa gwiwoyina da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta kira sunana, ta ce in kwanta. Ta rufe bayana da jikinta har ƙarar ta daina.

Mun sauka lafiya. Wata ma'aikaciyar jirgin ta ce mini ƙanƙara ce, ta wuce. Da muke saukowa na dubi gefen jirgin, ban ga huji ba. Sai dai ban zagaya ɗaya gefen ba, don haka ba zan yi shaida a kansa ba.

Ga inda maganar take. Ya tana da hawan jinin ido. Na hagu ya tafi. Likitanmu na nan ne ya tura mu Abuja, can kuma aka ce za a iya ceto na dama in an yi aiki kafin ƙarshen Satumba. Ya ta ce ita da jirgi har abada. Hanyar mota kuwa ta daɗe da rufe mata. Mahaifinki ya zo ta'aziyyar ƙanena Ridwan, ya san labarin: tana zaune kusa da shi a gaban mota, shi yana tuƙi, aka buɗe musu wuta a hanya. Tun daga ranar ba ta sake fita garin nan a mota ba. Yanzu ƙasa ta rufe, sama ta rufe, ido kuma yana rufewa.

Na gaya mata abin da ma'aikaciyar ta ce. Ta ce, "Ƙanƙara ba hadari? Ba tsawa? Ni za a koya wa ƙarar harsashi a jikin ƙarfe?" Ni malamin jami'a ne, amma karatuna na ƙasa ne da abin da take tsirarwa. Abin da ya wuce tsayin bishiya ban san shi ba.

Roƙona shi ne ki rubuto mini da Hausa, a sarari, mene ne wannan abu, in karanta mata kalma bayan kalma. Kada ki kira waya. Ta ce a waya mutum yana jin muryarka ne ya faɗa maka abin da kake so, amma rubutu ba ya ganin fuskar kowa.

Ki yi haƙuri da nauyin da na ɗora miki.

Ɗan'uwanki,
Abdulwahab Gambo

24 ga Agusta

Yaya Abdulwahab,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida Ya da jiki, Allah Ya ba ta lafiya. A gaida Anti Kaltum. Ni lafiya lau, sai sanyi; da safe sai mun kankare raɓar da ta daskare a fiffike kafin mu tashi. Ka yafe jinkirina, jarrabawa ce ta riƙe ni. Abin dariya, wannan darasin ne a cikinta. Da na sani da na kai wa malaminmu takardarka, ta fi littafinsa tsari.

Gaskiya ma'aikaciyar ta faɗa, ba ta dai ƙarasa ba. Duk ƙafa dubu da jirgi ya hau, zafi yana raguwa da kusan maki biyu. Ranar da kuke gasuwa a Maiduguri, can inda jirginku yake ruwa daskarewa yake yi. Gajimaren da kuka shiga ɗigon ruwa ne ƙanana, sun wuce sanyin daskarewa amma ba su daskare ba, suna jiran abin da zai taɓa su. Da jirgi ya taɓa su, nan take sai su ƙame a jikinsa. Wato ba ƙanƙarar hadari ba ce mai zubowa daga sama. Jirgin ne yake tara ta a jikinsa da kansa. Hausa ce ta raɗa musu suna ɗaya, shi ya sa Ya take neman tsawa.

Haɗarinta kuwa, fiffike yana ɗaukar jirgi ne saboda siffarsa. Ƙanƙara ko da 'yar kaɗan ce sai ta ɓata siffar, iska ta daina kwanciya a kansa, ɗauka ta ragu, nauyi ya ƙaru. Don haka hanya biyu ce: ko a hana ta zama, ko a kore ta bayan ta zauna. Gilashin gaban matuƙi da ƙaramin bututun da yake auna gudu, su hanawa ake yi. Lantarki yana ɗumama su tun kafin a shiga gajimare, domin matuƙin da bai san gudunsa ba makaho ne ko da idonsa biyu. Fiffike kuwa korewa ake yi. Baƙar robar da ka gani iska ake hura mata daga inji, ta kumbura ta fasa ƙanƙarar, iska ta kwashe. Ka gani daidai, numfashi take yi.

Saura farfela. A gindin kowane hannu nata akwai waya mai zafi, tana kamawa tana saki. Zafin ba ya narkar da ƙanƙarar duka, gindinta kawai yake sassautawa, sai juyawa ta ɓalle ta gutsure-gutsure. Shi ya sa ake liƙa faranti mai kauri a jikin jirgi daidai saitin farfelar, don an san za ta buga. Kun zauna ne a kujerar da ta fi kowace jin ta. Kuma a wannan nisa bindigar hannu ba ta kaiwa.

Ka gaya wa Ya ta kwantar da hankalinta. Abin da ta ji farfela ce take harbo ƙanƙara, tana harbin jikin jirgin da ita, ba wani abu ba. In ma ta fi so, ku nemi babban jirgi marar farfela. Shi iska mai zafi ake zagayawa a bakin fiffikensa, ba za ta ji komai ba.

Ƙanwarka,
Muhsinat

Hausari, Maiduguri
27 ga Agusta

Ƙanwata Muhsinat,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na gode. Ina fatan jarrabawa ta yi kyau. Kaltum tana amsawa. Jikin Ya da sauƙi. Idon ne babu sauƙi. Jiya ta zuba shayi a gefen kofi, ta ce kofin ne ya matsa. Yanzu bango take bi in za ta fita alwala.

Na karanta mata kamar yadda na yi alkawari. Ta saurara da kyau. Maganar ɗigon da ke jiran abin da zai taɓa su ta burge ta, har ta ce akwai mutane irinsu. Da na iso sakin layi na ƙarshe sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Maimaita."

Na maimaita.

"Harbo ta ce?"

Na ce haka ne a rubuce.

"To, alhamdu lillahi. Ita ma da ta je ƙasar Turawa ta yi karatun, ta ce harbi ne. Saura kai."

Na yi mata bayani cewa kalmar tana da faɗi a Hausa, jaki yana harbi, kunama tana harbi. Ta ce, "Na san na jaki, na san na kunama. Wanne daga cikinsu yake tashi sama?" Kin san Hausa ba ita ce ta sha a nono ba, Kanuri ce. A kasuwa da gidan miji ta koye ta, kuma wannan kalma ma'ana ɗaya gare ta a kunnenta tun daga wata rana. Na hango kalmar tana tafe tun kafin in iso ta. Ban canza ba, domin in ta taɓa kama ni da canza ɗaya, sauran duka sun faɗi.

Game da babban jirgi, ta ce masu harbi ba sa zaɓen jirgi. Game da nisa, ta ce wa ya auna. Game da ƙanƙara, ta ce, "Abin da Kaltum take jefawa a zoɓo ne zai yi wannan ƙarar? Abin da yaro ke taunawa?"

Na ce mata ido ne fa, in ya tafi ba ya dawowa. A nan ne ta faɗi abin da ban zata ba. Ta ce ba kanta take ji ba. Ta ce in za ta tafi ni ne zan raka ta, kuma ta ba da ɗaya a hanya, ba za ta ba da na biyu a sama saboda ido ba. Na ce wani ya raka ta. Ta ce shi ma ɗan wata ne.

Ban san ƙofar da ta rage ba. Kin yi iyakar ƙoƙarinki. Ba sai kin sake wahalar da kanki ba.

Ɗan'uwanki,
Abdulwahab Gambo

12 ga Satumba

Yaya Abdulwahab,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Ya. Na ci jarrabawar, amma ban ji daɗinta ba.

Na karanta "ba sai kin sake wahalar da kanki ba" na ɗauka cewa kake in rufe muku baki, na ɓata abu ya isa. Shi ya sa na yi shiru. Sai jiya Baba ya kira ni yana faɗa, ya ce, "Ke, Abdulwahab ne fa. In rijiya ya faɗa cewa zai yi kada a wahalar da igiya." Na ji kunya. Lokacin da na ɓata da fushi na idon Ya ne, ba nawa ba.

Kalmar kuskurena ce. Jifa ya kamata in ce. Amma na san ko na gyara yanzu cewa za ta yi an haɗa baki da ni, kuma tana da gaskiyarta.

Ga abu ɗaya da ban rubuta ba wancan karo. Muna da na'urar gwaji, ɗaki ne da aka gina kamar gaban jirgi, a ƙasa yake amma komai yana motsi kamar gaske. Wata rana malaminmu ya sa ni cikin gajimare, ya kashe mini duk abin da ke korar ƙanƙara, bai gaya mini ba. Yaya, babu bugu ko ɗaya. Gudu ne kawai yake raguwa a hankali, jirgin yana nauyi a hannuna, ina ƙara masa wuta yana ƙi, har fiffike ya saki. Da na fito gumi nake yi cikin wannan sanyi. Ya ce mini, kin ji bugu? Na ce a'a. Ya ce to shi ne tambayar da ya kamata ki yi wa kanki tun farko. Bugun nan alama ce jirgi yana kakkaɓe abin da ya hau shi, yana da rai kenan. A cikin irin wannan gajimare, abin da aka koya mana mu ji tsoronsa shi ne shiru.

Shawarata kuwa, ka daina yi mata musu. A cikinmu duka ita ce ta san waccan ƙarar ta harsashi, ni a littafi kawai na sani. Wannan ce ba ta sani ba. Ka sayo ƙanƙara, ka jefi ƙarfe da iyakar ƙarfinka, ka bar kunnenta ya yanke hukunci. Hannunka ba zai kai farfela ba, amma muryar abin ɗaya ce. In ta ce iri ɗaya ne, ba ni da sauran magana.

Ka ce mata wushe, wato sannu, kalmar Kanuri ɗaya da na iya kenan, kada ta yi mini dariya.

Ƙanwarka,
Muhsinat

Hausari, Maiduguri
16 ga Satumba

Ƙanwata Muhsinat,

Assalamu alaikum. Barka da cin jarrabawa. Ba fushi na yi ba, mahaifinki ya fassara ni daidai, ko da yake misalin rijiyar ya ɗan yi yawa. Ya ta amsa gaisuwarki, ta kuma yi dariyar. Idon yana nan yadda yake. Ta ce yanzu duniya kamar ta cikin bututu take hango ta.

Na bi shawararki. Na tafi kasuwar Gamboru na sayo ƙatuwar ƙanƙara guda, mai sayarwa yana tambayata ko suna ake yi a gidana. Na farfasa ta da guduma, Kaltum ta fito wa Ya da kujera tsakar gida, na gaya mata abin da za a yi da dalilinsa. Ta ce, "Jefa mu ji, malamin jami'a."

Na jefi ƙofar gida. Ƙarar ta isa ta sa maƙwabcinmu Nicodemus ya leƙo ta katanga. Ya ce, "Malam, lafiya? Yajin aikinku na jami'a ne ya kai ka ga jifan ƙofa?" Ya ta ce masa, "Ƙyale shi, bincike yake yi. Da ƙanƙara yake so ya kai ni Abuja." Ya ce Allah Ya ba da sa'a, ya sauka.

Sai ta ce mini wannan ba gwaji ba ne. Ta ce ƙofa ba ta da ciki, kuma ita daga ciki ta ji. Ta ce a yaye tamfol.

Dole in yi miki bayani. Motar Ridwan tana bayan gidan nan, lulluɓe da tamfol. An jawo ta bayan abin da ya faru, Ya ta hana a sayar, ta hana a gyara, ta hana a buɗe. Na ce mata a nemi wata motar, ga ta Nicodemus. Ta ce ta ce a yaye tamfol.

Na yaye. Kaltum ta riƙe hannunta har bakin motar. Ƙofar ta ƙi buɗuwa sai da na ja da hannu biyu. Ta shiga ta zauna a gaba, a wurin da ta zauna, ta ce a rufe, ta ce in jefa. Ban so ba. Na jefa. Ta ce wannan jifan sarakuwa ne, in jefa kamar ɗan da ta haifa. Na jefi ƙofar da take jingine da ita da iyakar ƙarfina, a jere, kamar yadda muka ji a jirgi, har kafaɗata ta fara ciwo. Sannan ta ɗaga hannu.

Ruwan ƙanƙara yana gangarowa a jikin ƙofar. Na ga ta laluba ta sa yatsa a ɗaya daga cikin hujojin harsashi. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Wannan yana bugawa ya tsaya a waje. Wancan yana shigowa da iska. Ranar, duk ƙara ɗaya sai in ji iska a ƙafata. A jirgin na duƙa a kanka ina jiran iskar. Ba ta zo ba. Na ɗauka tsoro ne ya hana ni ji."

A nan tsaye na karanta mata takardarki, kalma bayan kalma. Da na iso maganar shiru na yi jinkiri, ta ce in ƙarasa. Na ƙarasa. Ta ce, "Yarinyar nan ta san abin da take faɗa. Ranar, muddin ina jin ƙara, Ridwan yana riƙe da sitiyari. Shirun ne ya gaya mini ya tafi."

Ba ta ce ta yarda ƙanƙara ce ba, kuma ba zan rubuta miki abin da ba ta faɗa ba. Cewa ta yi za ta tafi, bisa sharaɗi biyu. Na farko, ba ta son babban jirgin da ba a jin komai. Wancan mai farfelar take so, kuma kujerun da muka zauna. Na biyu, ita ce a bakin taga, ni a ciki. Ta ce in ƙanƙara ce, ba abin da za ta yi mata. In kuma ba ita ba ce, ta riga ni.

Na amince. Likita ya ba mu ranar Litinin, za mu tashi Alhamis in Allah Ya yarda. Kaltum ta zuba sauran ƙanƙarar a zoɓo, Ya ta sha kofi biyu, ba ta zubar ba. Motar kuwa ta ce a bar ta a buɗe ta sha iska.

Allah Ya saka miki da alheri, Ya tsare ki a duk gajimaren da za ki shiga.

Ɗan'uwanki,
Abdulwahab Gambo

Gyara ɗaya a takardata ta farko. Na rubuta cewa da ta danne kaina ta kira sunana, ta ce in kwanta. Ba sunana ta kira ba. "Ridwan, kwanta," ta ce. Na kuma amsa.